BABI NA HUƊU: HAƊIN GWIWAR MASANA NA DUNIYA WAJEN AUNA TEKU DA ISKA DA ALAƘARSA DA DAMINAR ƘASAR GUMEL

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin hanyoyin gargajiya da manoman ƙasar Gumel suke bi wajen gane ƙaratowar damina, kamar lissafin taurari da zuwan shamuwa da juyawar iska da kaɗewar ganyen gawo. Wannan babi kuwa zai dubi al'amarin ta wata fuska daban. Zai yi ƙoƙarin bayyana inda ruwan daminar yake fitowa, da kuma yadda masana kimiyya na ƙasashe daban-daban suka haɗa kai tun daga shekarun 1970 domin su riƙa auna abin da ke gudana tsakanin teku da iskar da ke bisansa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa Gumel da teku, alhali tsakaninta da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800, kuma da yawa daga cikin mazauna Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba su taɓa ganin teku da idonsu ba? Amsar ita ce, yawan ruwan da ke sauka a gonakin gero da wake da riɗi da soɓo na wannan yanki yana da alaƙa mai ƙarfi da ɗumi ko sanyin ruwan teku. Ba a tabbatar da haka ba sai da ƙasashe da dama suka haɗa jiragensu da na'urorinsu da masanansu, domin babu ƙasar da ta mallaki teku ita kaɗai, balle iska.

4.1 Cuɗanyar Teku da Iska

Teku ya mamaye kimanin kashi 71 cikin 100 na faɗin duniya, kuma tsakaninsa da iskar da ta lulluɓe duniya akwai bayarwa da karɓa wadda ba ta yankewa dare da rana. Rana takan dafa saman teku, ruwa ya tashi ya zama tururi ya shiga iska. Kimanin kashi 86 cikin 100 na duk tururin da ke tashi sama a duniya daga teku yake fitowa. Ita kuma iska takan kaɗa ruwan teku, ta tura na sama gefe, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Ban da tururi da zafi, teku yana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da 'yan'adam ke fitarwa, haka kuma yana karɓar ƙurar da iska ke ɗebowa daga tudu, kamar yadda za a gani nan gaba.

Abin da ya sa wannan musaya ta zama abin lura ga mai son sanin damina shi ne, ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma in ya ɗauka ba ya saurin sakinsa. Duk wanda ya taka rairayin Maigatari da azahar a watan Afrilu, sa'an nan ya sake taka shi da asuba, ya san yadda ƙasa ke saurin ɗumama da saurin hucewa. Ruwan randa ba haka yake ba, balle na teku. Masana sun ƙiyasta cewa mita uku na saman teku kaɗai suna iya riƙe zafin da ya kai na dukkan iskar duniya. Saboda haka idan wani yanki na teku ya ɗumama fiye da yadda aka saba, yakan ɗauki watanni yana a haka. Iska kuwa ba ta da wannan riƙo, don halin da take ciki yau ba ya nuna yadda za ta kasance bayan mako biyu. A nan ne damar hasashe take. Wanda ya san ɗumin teku a watan Afrilu ya sami ɗan haske a kan irin iskar da za ta kaɗa a watan Agusta.

Ga yadda abin yake shafar ƙasar Gumel. Da bazara, wato daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan tsananta a Sahara da ƙasashen da ke gefenta. Iskar wurin sai ta yi zafi ta yi sama, nauyinta a kan ƙasa ya ragu. Daga nan sai iska mai laima ta kwararo daga Mashigin Tekun Gini, kudu da Ikko da Kwatano da Ankara, ta nufo arewa domin ta cike gurbin. Ita ce iskar da manomi ke ji ta juyo daga kudu maso yamma, gumi ya ƙaru, dare ya ƙi yin sanyi. A daidai wannan lokaci kuma wani abu yakan faru a cikin tekun kansa. Ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙasa a kusa da layin Ikwaita, har ɗumin saman teku ya sauko daga kimanin digiri 28 ko 29 a watan Afrilu zuwa kimanin 23 ko 24 a watan Agusta. Masana suna kiran wannan yanki harshen sanyi, saboda siffarsa a taswira. Gwargwadon sanyin teku da zafin tudu, gwargwadon ƙarfin da iskar damina za ta samu ta kutsa arewa. Sultan da Janicot (2003) sun nuna cewa yankin da ruwa ya fi sauka ba ya tahowa sannu a hankali. Yakan daɗe a bakin teku, sa'an nan ya yi tsalle zuwa arewa cikin 'yan kwanaki, galibi wajejen 24 ga watan Yuni. Da yake Gumel tana can arewa kusa da iyakar Nijar, damina ba ta cika kankama a cikinta ba sai bayan wannan tsalle, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba.

Akwai wani abu da kan rikita mutane a nan. Kowa a ƙasar Hausa ya san hadarin gabas shi ne mai ruwa, to, yaya za a ce ruwan daga kudu maso yamma yake fitowa? Bayanin shi ne, iskar hawa-hawa ce. Ta ƙasa mai laima daga teku take zuwa, amma a bisanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Idan hadari ya haɗu, wannan iska ta sama ce ke kora shi. Ke nan laimar daga teku take, jagoran hadarin kuwa daga gabas yake. Ya kamata a ƙara da cewa ba duk laimar ce ke zuwa kai tsaye daga teku ba. Wani kaso ruwa ne da ya sauka a dazuzzuka da gonakin kudu, ya sake tashi, iska ta ƙaraso da shi arewa.

4.2 Farin Shekarun 1970 da 1980 da Neman Mai Laifi

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da labarin fari da yunwa, har wasu an laƙaba musu sunaye, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 wadda Watts (1983) ya yi bayani a kanta. Amma farin da ya fara daga ƙarshen shekarun 1960 ya bambanta saboda daɗewarsa. Ya tsananta a 1972 da 1973, ya sake tsananta a 1983 da 1984. Idan aka kwatanta da shekarun 1950 masu yalwar ruwa, abin da ke sauka a yankin Sahel ya ragu da kimanin kashi 30 cikin 100. A Kano, ruwan da aka auna a 1973 kusan rabin abin da aka saba samu ne. Mortimore (1989), wanda ya shafe shekaru yana bin rayuwar mutanen Dagaceri a arewa maso gabashin Jihar Jigawa ta yanzu, ya nuna yadda jama'a suka rayu ta hanyar cin rani da sayar da dabbobi da cin ganyayen daji.

Da aka shiga neman dalili, sai aka fara da mutanen da abin ya shafa. Charney (1975), wani babban masanin yanayi na Amurka, ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fili fetal, to, za ta riƙa mayar da hasken rana sama, iskar da ke bisanta ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Wannan ra'ayi ya sami karɓuwa ƙwarai, musamman da yake ya zo gab da taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada da aka yi a Nairobi a 1977. Aka wayi gari makiyayi da manomi da mai saran itace su ne masu laifi, wato su suka jawo wa kansu fari.

Waɗanda suka juya suka dubi teku ne suka sauya wannan fahimta. Lamb (1978) ya kwatanta shekarun fari da na yalwa, ya ga cewa a shekarun fari ruwan Tekun Atlantika na kudu yakan fi ɗumi fiye da yadda aka saba, na arewa kuma ya fi sanyi. Folland da Palmer da Parker (1986) na hukumar yanayi ta Ingila sun faɗaɗa binciken zuwa sauran tekunan duniya, suka sami irin wannan alaƙa, har hukumarsu ta fara gwajin hasashen daminar Sahel a wannan shekara. Daga baya Giannini da abokan aikinta (2003) suka ɗauki bayanan ɗumin teku na 1930 zuwa 2000 suka zuba a kwamfuta mai kwaikwayon yanayi, ba tare da sun gaya mata komai game da sare daji ko kiwo ba, sai ga ta ta fito da yalwar shekarun 1950 da farin da ya biyo baya. Wasu masana ma sun nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atlantika a wancan zamani, ta hanyar tare hasken rana.

A ganin mai wannan nazari, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ba a ce sare itatuwa ba shi da illa ba, don kowa yana ganin yadda rairayi ke binne gona idan babu abin da zai tare iska, kuma masana sun yarda cewa halin da ƙasa ke ciki yana ƙara wa fari tsanani. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya kunna wuta da wanda iska ta kaɗo wutar zuwa danninsa. Bafulatanin da ya rasa garkensa a 1973 ya yi shekaru yana ɗauke da laifin da mafi yawansa ba nasa ba ne.

4.3 Ayyukan Haɗin Gwiwa

Babban yunƙuri na farko shi ne shirin da aka sani da suna GATE, wanda aka gudanar daga watan Yuni zuwa Satumba na 1974 ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, da hedikwata a Dakar. Ƙasashe kimanin 70 suka sa hannu, aka tara jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama 13, aka jera su a Tekun Atlantika suna auna iska da gajimare da ruwa. Abin sha'awa shi ne, Amurka da Tarayyar Sobiyat, waɗanda ba sa ga maciji a lokacin, duk sun kawo jiragensu sun yi aiki tare. Sai dai shiri ne na damina ɗaya. Da aka gama, kowa ya koma gida da jirginsa.

Abin da ya nuna buƙatar awo na dindindin a Tekun Pasifik ya faru. A 1982 zuwa 1983 ruwan gabashin wannan teku ya ɗumama ƙwarai, abin da ake kira El Nino, ya hargitsa yanayin ƙasashe da yawa, kuma masana ba su ankara ba sai da abin ya yi nisa. Wannan ya sa daga 1985 zuwa 1994 aka kafa na'urorin awo kusan 70 a tsakiyar Pasifik. Irin wannan na'ura ita ce a wannan nazari za a kira goran awo, domin ta yi kama da goran da masunta ke hawa: tana iyo a bisa ruwa, amma an ɗaure ta da doguwar igiya wadda aka turke a ƙarƙashin teku da ƙarfe mai nauyi.

A 1997 ƙasashen Birazil da Faransa da Amurka suka haɗa kai suka fara kafa irin waɗannan goruna a Tekun Atlantika, a shirin da suka raɗa wa suna PIRATA, kalmar da a harshen mutanen Birazil take nufin ɗan fashin teku. An fara da goruna kimanin 12, daga baya suka kai 18. Birazil ta ɗauki nauyin na yamma, Faransa ta ɗauki na gabas, wato na Mashigin Tekun Gini, waɗanda su ne suka fi shafar daminar Nijeriya. An kafa ɗaya daga cikinsu kudu da Gana, daidai inda layin Ikwaita ya gitta layin da ake fara lissafin agogon duniya daga kansa. Kowane gora yana ɗauke da ma'aunin ƙarfin iska da inda ta fuskanta, da na zafinta da laimarta, da na ruwan sama da hasken rana. A jikin igiyar kuma an jera ma'aunan ɗumin ruwa har zurfin mita 500, da na gishirinsa. Kullum goran yakan aika abin da ya auna ta tauraron ɗan'adam, a sa shi a intanet kyauta ga duk mai buƙata. Kusan kowace shekara sai jirgi ya je ya ciro goran ya sa sabo, don gishiri da tsatsa ba sa barin ƙarfe ya daɗe. Akwai kuma wata matsala wadda ba ta kimiyya ba. Kifi yana son taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke iyo, jiragen kamun kifi kuma suna bin kifi, saboda haka sau da yawa akan iske an lalata goran ko an tsinke igiyarsa. Wannan ya sa tun a farkon shirin aka haƙura da wasu wurare biyu a Mashigin Tekun Gini.

Ban da goruna, tun wajen shekarar 2000 ƙasashe kimanin 30 suke zuba wasu na'urori masu nutso a tekunan duniya a shirin Argo. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso bayan kwana 10 tana auna ɗumi da gishiri, ta aika rahoto, ta sake nutsewa. Yawansu ya kai 3,000 a 2007.

Shirin da ya fi kusantar ƙasar Gumel shi ne AMMA, wanda masanan Faransa suka assasa a farkon shekarun 2000 domin nazarin daminar Afirka ta Yamma tun daga teku har bakin hamada, tare da masanan Afirka da Turai da Amurka. Shekarar 2006 ce aka ware don awo mai zurfi. A watan Yuni na shekarar jiragen bincike na Faransa da Jamus da Amurka suna cikin Atlantika suna bin yadda harshen sanyi ke kafuwa. A tudu kuma an kafa sansanonin awo a arewacin Binin da kewayen Yamai da yankin Gurma na Mali, aka kuma buɗe sababbin tashoshin sakin balan-balan mai ɗauke da na'urar awo a Kwatano da Faraku da Tamale da Abuja. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, hukumar sararin samaniya ta Faransa da wata cibiyar binciken yanayi ta Amurka suka saki manyan balan-balan guda 8 daga Damagaram, wadda ba ta fi kimanin kilomita 120 daga Maigatari a miƙe ba. Kowace takan tashi wajen kilomita 20, iskar gabas ta ɗauke ta ta nufi Atlantika, tana tafe tana sako ƙananan na'urori masu lema waɗanda ke auna iska yayin da suke saukowa. An sako fiye da 100. Dalilin wannan aiki shi ne, hadarin da ke ratsa ƙasar Hausa yana tafiya ne cikin wasu igiyoyin iska da ke wucewa duk bayan kwana uku zuwa biyar, kuma wasu daga cikinsu in sun faɗa teku sukan rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwar da ke afka wa gaɓar Amurka. Wannan ma yana bayyana abin da ya sa Amurkawa ke kashe kuɗinsu a kan hadarin Sahel. Ba taimako ne zalla ba, su ma suna da gonar da suke karewa.

4.4 Ƙurar Hunturu

Musayar ba ta tsaya ga abin da teku ke aiko wa tudu ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan juya ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da hazo. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take fitowa, wanda a zamanin da can ƙasan babban tafki ne, kuma iska takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashe ta. Ƙurar da ke sa tari da fason ƙafa a Gagarawa, 'yar'uwarta takan wuce ta faɗa teku. Tun a 1832 Darwin ya ga irinta tana sauka a jirgin da yake ciki kusa da tsibiran Cape Verde. Daga 1965 aka fara auna ta a tsibirin Barbados, can ƙetaren Atlantika, kuma Prospero da Lamb (2003) sun nuna cewa yawanta ya ninka kusan sau huɗu tsakanin shekarun 1960 da na 1980, kuma takan ƙaru a shekarar da ta biyo bayan fari a Sahel. Wani ƙiyasi da aka yi da tauraron ɗan'adam a 2015 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 182 ke barin gaɓar Afirka kowace shekara, kusan tan miliyan 28 daga ciki su sauka a dajin Amazon ɗauke da sinadarin nan da manoma suka sani a cikin takin sufa. Wadda ta sauka a teku kuwa takan ba ƙananan tsirran ruwa waɗanda ido ba ya gani sinadarin ƙarfe, su kuma su shanye iskar kabon, kifi ya ci su. Haka kuma hazon yakan tare rana ya ɗan sanyaya saman teku. Domin bin diddigin irin wannan ne masanan Ingila da Jamus da Cape Verde suka buɗe tashar awo a tsibirin Sao Vicente a 2006, wadda ke aiki tare da shirin duniya na nazarin saman teku da ƙasan iska mai suna SOLAS.

4.5 Daga Teku Zuwa Gona

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tambayar ita ce, ta wace hanya abin da goran awo ya gani yake isa ga mai gona a Sule Tankarkar? Bayanan sukan fara shiga manyan kwamfutocin cibiyoyin yanayi na Turai da Amurka da sauransu. Daga nan cibiyoyi biyu da ke Yamai, wato AGRHYMET wadda aka kafa a 1974 sakamakon fari, da ACMAD, sukan tara masanan ƙasashen yankin kafin damina su fitar da matsaya guda. An fara irin wannan zama a Abijan a 1998. A 2008 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta dogara da hasashen wannan zama ta nemi kuɗi ta tanadi kayan agaji tun kafin ambaliya ta auku. A Nijeriya kuwa hukumar NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, takan fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, inda take nuna lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta da yawan ruwa da tsayawarsa a tsakiya, kuma ana fassara shi da Hausa.

Duk da haka akwai iyakar da ya kamata a sani. Da farko, ba teku ɗaya ne ke magana ba. Ɗumamar Pasifik da ta Tekun Indiya takan rage ruwan Sahel, ɗumamar Bahar Rum kuwa takan ƙara shi, kuma masana sun lura cewa alaƙar Mashigin Tekun Gini da daminar Sahel ta sauya salo bayan shekarun 1970. Sa'an nan hasashen na yanki ne mai faɗi, alhali hadari ba ya bin taswira. Ma'aunan ruwa kimanin 100 da aka jera a kewayen Yamai a farkon shekarun 1990 sun tabbatar da abin da manoma suka daɗe da sani, cewa ƙauyuka biyu maƙwabta sukan tashi da damina daban-daban a shekara guda. Har ila yau, ko da yake ruwa ya ɗan dawo tun daga shekarun 1990, yanayin zuwansa ya sauya. Taylor da abokan aikinsa (2017) sun gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Jimillar milimita za ta iya cika, amma gero ya sha wahala, don rabin ruwan ya sauka a dare biyu.

Matsalar da ta fi shafar ɗalibin harshe ita ce ta kalmomi. Masana ba sa cewa za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Sukan raba yiwuwar gida uku, misali kashi 45 za a zarce yadda aka saba, kashi 35 a yi daidai, kashi 20 a gaza. Idan mai fassara a rediyo ya taƙaita wannan ya ce bana damina za ta yi kyau, ya zubar da kashi 20 ɗin nan, kuma ran da suka faɗo a kan wani ƙauye, an rasa amincewar mutanensa. Ita kanta kalmar hasashe tana buƙatar kulawa, don kada mai sauraro ya ɗauke ta a matsayin duba ko da'awar sanin gaibu, alhali kintace ne da aka gina bisa awo, kamar yadda mai lissafin taurari ke cewa an shiga Haƙa'a ko Zira'a ba tare da ya yi wa kowa alkawarin ruwa ba.

Haka nan faɗuwar damina tana da ma'ana biyu. Ga manomi, ruwan shuka shi ne wanda in ya tona ƙasa ya iske laima ta nutsa. Ga masana kuwa, Sivakumar (1988), wanda ya yi aiki a Nijar, ya ce ita ce ranar da aka sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, muddin ba a sami tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo baya. Ma'anar tana da kyau, sai dai ba a tabbatar da ita sai wata guda ya wuce, lokacin da irin ya riga ya tsiro ko ya ƙone. Ga wanda ya yi binne, ko wanda ke shawarar ko ya shuka irin gida ko mai saurin nuna kamar SOSAT, labarin tsayawar ruwa a makonnin farko ya fi masa amfani a kan jimillar ruwan shekara.

Gyara irin wannan hasashe yana buƙatar awo a tudu kamar yadda ake yi a teku, kuma a nan ne giɓin yake. A farkon shekarun 2000 an ƙiyasta cewa tashoshin yanayi na Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta shata ba. Manyan tashoshi masu dogon tarihi da suka kewaye ƙasar Gumel su ne na Kano da Nguru a Nijeriya, sai na Damagaram da Magarya a Nijar. Ma'aunin ruwan sama kuwa ɗan mazubi ne mai arha, wanda malamin firamare ko malamin gona zai iya dubawa kowace safiya ya rubuta a littafi. Da za a sami guda a kowace gunduma ta waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, a riƙa tara abin da aka rubuta shekara da shekaru, da masu kwamfutocin sun sami abin da za su gwada hasashensu da shi a wannan yanki.